Warin taɓo a kifin kiwo: mafarinsa da yadda ake raba kifi da shi

Masu kiwon tarwaɗa da karfasa sun san wannan matsala: kifi ya girma, ya yi ƙiba, amma da an dafa sai a ji warin taɓo a baki. Mai saye da ya ɗanɗana haka sau ɗaya ba ya cika dawowa. Warin ba ya nufin kifin ya lalace, kuma ana iya fitar da shi tun kifin yana da rai.

Daga ina warin yake fitowa?

Mutane da yawa na zaton kifin laka ya ci. A gaskiya wasu sinadarai biyu ne ke haddasa shi: geosmin da wani da ake taƙaita sunansa MIB. Wata irin gansakuka mai launin kore-shuɗi da wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa ne ke samar da su. Geosmin shi ne ƙanshin nan da ke tashi idan ruwan farko ya sauka kan busasshiyar ƙasa. Masu bincike a Amurka ne suka ware shi suka raɗa masa suna a 1965.

Kifi na shaƙar sinadaran ta jan naman da ke ƙarƙashin kunnuwansa, su taru a kitsensa. Shigarsu ba ta wuce ƴan awoyi, fitarsu kuwa sai an yi kwanaki. Shi ya sa kifi mai kitse ya fi riƙe warin. Matsalar ta fi tsanani lokacin zafi, a ruwan da ba ya gudana, inda ragowar abinci da kashin kifi suka taru.

Kafin a kai kasuwa

A fara ɗanɗanawa. A kama kifi ɗaya, a dafa shi ba gishiri ba yaji. A jihar Misisipi ta Amurka, masana'antun sarrafa kifi ba sa karɓar kifin kududdufi sai sun yi irin wannan gwaji.

Idan an ji wari, a kwashe kifin zuwa tankin siminti ko na roba da aka wanke tas, a zuba ruwan rijiya ko na burtsatse. A daina ba shi abinci, a riƙa sauya ruwan kullum, in da hali a bar shi yana gudana. Wari kaɗan na iya gushewa cikin ƴan kwanaki, mai ƙarfi kan kai mako biyu. Kifin zai ɗan rame, amma gara wannan asara da rasa mai saye. A ware tarwaɗa bisa girmansu, domin da yunwa manya na cinye ƙanana.

A cikin kicin

Idan an riga an sayo kifin, a cire fata, da kitsen ciki, da baƙin naman da ke gefe. A jiƙa shi na ɗan lokaci a ruwan lemun tsami, ko tsamiya, ko binega, domin tsami na karya geosmin. Wannan na rage warin sosai, ko da bai kawar da shi duka ba. Banda da yaji rufe shi kawai suke yi, firiji kuwa ba ya taɓa shi.

Rigakafi

Kada a zuba abincin da ya fi ƙarfin kifi. A rage taki, a kwashe laka bayan kowane girbi, a bar gindin kududdufi ya sha rana. Idan ka tsoma hannu a ruwa, tafinka ya ɓace tun ruwan bai kai gwiwar hannu ba, gansakuka ta yi yawa, sai a ƙara sabon ruwa.

Geosmin kansa ba ya cutar da lafiya, amma wasu nau'o'in wannan gansakuka na fitar da guba. Kada a shayar da dabbobi ruwan da kore ya lulluɓe kamar fenti, kuma kada a ci kifin da ya mutu a cikinsa.