Kasuwar Oil Mill: Abin Da Mai Naƙasa Zai Sani Kafin Ya Kafa Sana'a

Kasuwar Oil Mill tana Rumuokwurusi, kan titin Aba, a ƙaramar hukumar Obio/Akpor da ke Fatakwal. Ranar Laraba take ci, cunkoso kuwa har bakin titi. Ga mai keken guragu ko mai dogara sanda, matsalar farko ke nan, balle da damina in ƙasa ta caɓe.

Shi ya sa samun wuri ya fi yawan jari. Ka nemi gefen hanya, ka yi sammako, ka shirya da mai baro ɗaya da zai riƙa ɗauko maka kaya. Sana'ar zaune ta fi dacewa: POS, gyaran waya, ɗinkin takalmi, ko sayar da goro, dabino da turare. Tunda kasuwar mako-mako ce, sauran ranaku sai ka kasa kaya a unguwa.

Wajen jari, adashi ya fi bashin ruwa kwanciyar hankali. Mai larurar gani ya samu amintaccen yaro saboda ƙirgar kuɗi. Ka nemi Sarkin Hausawa ko shugabannin 'yan kasuwa su gabatar da kai, kuma duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit.

Doka ma tana tare da kai. Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar N100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya nuna maka bambanci. Ana iya kai koke Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020.