Duniyoyi Wadanni: Me Ya Raba Fuluto da Manyan Duniyoyi?

Ranar 24 ga Agusta, 2006, a birnin Firag na Jamhuriyar Cek, babban taron Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ya kaɗa ƙuri'a a kan abin da ya cancanci a kira duniya a cikin iyalin rana. Da aka tashi daga taron, duniyoyin da ake lissafawa sun koma takwas. Fuluto, wadda ta shafe shekara 76 tana riƙe da matsayi na tara, ta koma wani sabon rukuni da aka raɗa wa suna duniyoyi wadanni. Har yau akwai masu ganin an yi mata rashin adalci, cikinsu har da manyan masana. Ni dai ina ganin hukuncin ya yi daidai a kan babbar magana. Rauninsa yana wani wuri dabam, wanda masu suka ba su cika waiwaya ba.

Sharuɗɗa uku taron ya gindaya. Dole jiki ya kasance yana kewaya rana. Dole nauyinsa ya kai yadda ƙarfin jansa zai murƙushe duwatsu da ƙanƙarar da ke jikinsa har ya dunƙule ya zama kusan ƙwallo. Sannan dole ya kasance ya share falakinsa, wato hanyar da yake bi wajen kewaya rana. Wanda ya cika ukun shi ne duniya. Wanda ya cika biyun farko ya gaza a na uku, kuma ba wata ba ne mai kewaya wata duniyar, shi ne wada. Duk abin da ya rage, daga duwatsun sama zuwa taurari masu wutsiya, an haɗa su a rukunin ƙananan jikkuna. Zuwa yau biyar ƙungiyar ta amince da su a rukunin wadanni: Seres, Fuluto, Eris, Haumea da Makemake.

Mai ganin abin da aka yi wa Fuluto baƙon abu ne, ya duba labarin Seres. A daren 1 ga Janairu, 1801, Giuseppe Piazzi ya hango ta daga Palermo a tsibirin Sisili, tsakanin falakin Mirrihu da na Mushtari, daidai inda masana suka daɗe suna zaton akwai duniyar da ta ɓuya. Nan da nan aka sa ta a jerin duniyoyi. Sai ga Pallas a 1802, ga Juno a 1804, ga Vesta a 1807, duk a unguwa ɗaya. Littattafan wancan zamani sun lissafa su duka a matsayin duniyoyi. Da aka shiga tsakiyar ƙarni na 19 sababbi suka yi ta ɓullowa babu ƙaƙƙautawa, sai masana suka gane cewa taro ne na duwatsu masu bin hanya ɗaya, aka cire su daga jerin ba tare da wani ya yi zanga-zanga ba. Seres tana da faɗin kilomita kusan 940, kuma ita kaɗai ta ɗauki wajen sulusin nauyin wannan ɗamara ta duwatsu, amma sauran kashi biyun ba sa ƙarƙashin ikonta.

Abin da ya sami Fuluto ke nan, sai dai nata ya ɗauki lokaci. Lokacin da Clyde Tombaugh ya gano ta a watan Fabrairun 1930 a cibiyar Lowell da ke jihar Arizona ta Amurka, an yi zaton nauyinta ya kusa na Duniyarmu. Kowane sabon awo sai ya rage ta. A 1978 James Christy ya gano babban watanta, Karon, kuma daga yadda suke kewaya juna aka samu ainihin nauyin: kimanin kashi ɗaya cikin shida ne na nauyin watanmu. Faɗinta kilomita 2,377 ne, alhali watanmu yana da 3,474. A 1992 David Jewitt da Jane Luu suka gano wani jiki a bayan Neftun, wanda ya buɗe ƙofar sanin ɗamarar Kuiper, inda yanzu aka san dubbai. Sai a 2005 Mike Brown da abokan aikinsa, Chad Trujillo da David Rabinowitz, suka gano Eris, wadda ta ɗan gaza Fuluto a faɗi amma ta fi ta nauyi da kimanin kashi 27 cikin ɗari. Daga nan zaɓi ya zama biyu: ko dai Eris ta zama ta goma a bar ƙofa buɗe ga duk wadda za ta biyo baya, ko kuwa a nemi ma'aunin da ya dogara da ɗabi'ar jikkunan kansu.

Sharaɗi na uku shi ne zuciyar maganar, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Masu suka sukan ce ai babu duniyar da falakinta yake fes. Mushtari tana tafe da dubban duwatsu a gabanta da bayanta, Duniyarmu tana cin karo da duwatsu, ita kanta Neftun ga Fuluto tana tsallaka mata hanya. Duk gaskiya ne, amma abin da ake nufi iko ne. Hakimi ba ya zama hakimi don ƙasarsa babu kowa, sai don duk wanda ke cikinta yana tafiya da umarninsa. Duwatsun da ke rakiyar Mushtari ƙarfin janta ne ya ɗaure su a inda suke. Fuluto kuwa, duk lokacin da Neftun ta kewaya rana sau uku, ita tana kewayawa sau biyu, ba ƙari ba ragi, kuma wannan ɗaurin ne ya hana su haɗuwa tsawon biliyoyin shekaru. Ko tsakanin 1979 da 1999, lokacin da Fuluto ta fi Neftun kusa da rana, babu wani haɗarin karo. Neftun ce ke tsara tafiyar, Fuluto tana bi.

An ma auna wannan iko da alƙaluma. A 2006 Steven Soter ya kwatanta nauyin kowane jiki da jimillar nauyin sauran abubuwan da ke yankin falakinsa. Mirrihu, wadda ta fi rauni cikin takwas ɗin, ta rinjayi maƙwabtanta fiye da sau 5,000. Duniyarmu ta rinjaye su fiye da sau miliyan ɗaya. Seres, Fuluto da Eris kuwa ko sau ɗaya ba su kai ba, wato tarkacen da ke kewaye da kowacce ya fi ta nauyi. Tsakanin ƙasa da ɗaya da dubu biyar babu ko jiki guda. Wannan gagarumin giɓi ba ƙuri'ar Firag ce ta haƙa shi ba, tarihin samuwar iyalin rana ne. Shekara biliyan 4.6 da suka wuce, jikkuna sun yi ta girma ta hanyar haɗiye ƙura da duwatsun da ke kusa da su. Waɗansu sun yi saurin ƙasaita har suka haɗiye ko suka watsar da duk abokan gasarsu. Waɗansu kuwa girmansu ya tsaya a hanya: a ɗamarar duwatsu ƙarfin Mushtari ne ya hargitsa wurin, a can bayan Neftun kuma tafiya tana da nawa, ga kayan ginin sun watse. Wadanni su ne waɗanda aikin gininsu ya tsaya bayan sun dunƙule.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren ita ce ta Alan Stern, jagoran binciken kumbon New Horizons. A ganinsa, jiki ya kamata a duba, ba unguwarsa ba, domin a ƙarƙashin ma'aunin Firag jiki ɗaya zai iya zama duniya kusa da rana ya zama wada idan aka kai shi can nesa ƙwarai. Hotunan Fuluto da kumbonsa ya ɗauka ranar 14 ga Yuli, 2015, sun ƙara wa maganarsa nauyi. An ga wani fili na daskararren naitirojin mai faɗin kusan kilomita 1,000, babu ramukan faɗowar duwatsu a kansa, alamar cewa har yanzu yana motsi yana sabunta fuskarsa. An ga tsaunukan ƙanƙarar ruwa masu tsawon sama da mita 3,000, ga kuma siririyar iska mai hazo hawa-hawa. A shekarar nan dai kumbon Dawn ya isa Seres, ya tarar da fararen tabo a ramin Occator, waɗanda bincike ya nuna gishiri ne da ruwan zartsi ya bari bayan ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa. Babu mai hankalin da zai kira waɗannan matattun duwatsu.

Sai dai idan aka bi ma'aunin Stern har ƙarshensa, watanmu ma duniya ne, haka Ganimid na Mushtari da Taitan na Zuhal, waɗanda kowannensu ya fi Uɗaridu faɗi. Jerin zai haura ɗari, kuma kalmar za ta daina gaya mana komai game da yadda iyalin rana yake a tsare. Tambayoyi biyu ne aka cakuɗa. Ɗaya ita ce me ke faruwa a cikin jiki da bisa fuskarsa, ɗayar kuma wace rawa yake takawa a tsarin gaba ɗaya. Rukunin wadanni yana da amfani ne daidai saboda ya amsa duka biyun: ta ciki suna kama da duniyoyi, ta matsayi kuwa 'yan taro ne. Abin da ya raba su da watanni shi ne rana suke kewayawa kai tsaye. Abin da ya raba su da duwatsun sama da taurari masu wutsiya kuwa shi ne dunƙulewa, wadda galibi ke tafe da rabuwar ciki, mai nauyi ya nutse tsakiya, mara nauyi ya taso sama.

A nan ne kuma raunin hukuncin yake. Iyakar sama, tsakanin wada da duniya, a fili take. Iyakar ƙasa, tsakanin wada da dutsen sama, ba ta da irin wannan giɓin. Ƙanƙara ta fi dutse saurin miƙa wuya ga nauyi, shi ya sa Mimas, watan Zuhal mai faɗin kusan kilomita 400, ya dunƙule, alhali Vesta mai kilomita sama da 500 ba ta cika ƙwallo ba. Haumea tana juyawa a kan kanta cikin kimanin awa huɗu, saurin da ya miƙar da ita ta yi tsawo, ga kuma zobe da aka gano mata a 2017, kuma masana na ci gaba da muhawara a kan ko siffarta ta cika sharaɗin daidai. Tun 2008, da aka shigar da Makemake da Haumea, ƙungiyar ba ta ƙara ko ɗaya ba, duk da cewa masana da yawa suna lissafa Gonggong, Quaoar, Orcus da Sedna a rukunin. Dalilin jinkirin a bayyane yake: daga nan ba a ganin waɗannan jikkuna sai kamar ɗigon haske, kuma ba a yanke hukunci a kan siffar abin da ba a gani ba.

Saboda haka ƙarfin da ake ɓatawa wajen neman a maido wa Fuluto lamba ta tara ya fi dacewa a juya shi ga neman a aika kumbo zuwa Eris ko Haumea. Cikin wadanni biyar da aka amince da su, biyu kacal ɗan Adam ya taɓa gani daga kusa, kuma duka biyun a shekarar 2015 ne.