Auna Dogaro da Kai Bayan Raunin Laka: Tsakanin FIM da SCIM

Idan laka ta samu rauni, likita kan fara tantance inda ji da motsi suka tsaya, ya sanya majinyacin a ɗaya daga matakai biyar na ma'aunin ASIA, daga A zuwa E. Sai dai wannan bayanin jijiya ne kawai. Ba ya faɗin ko mutum zai iya kai loma bakinsa, ko ya sauka daga gado zuwa keken guragu ba tare da an cicciɓe shi ba. Don auna wannan aka daɗe ana amfani da ma'aunin FIM, wanda aka tsara a Amurka cikin shekarun 1980. Abubuwa 18 yake dubawa, 13 na aikin jiki, 5 na fahimta da mu'amala, kowanne da maki 1 zuwa 7, jimilla daga 18 zuwa 126. Matsayar wannan maƙala ita ce, rabon makin nan bai dace da mai raunin laka ba.

Mafi yawan waɗannan majinyata ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take, don haka tun ranar da aka kwantar da su sun kusa cinye maki 35 na fahimta, kuma makin ba zai motsa ba komai ƙoƙarin masu gashin ƙashi. Numfashi kuwa, wanda shi ne tashin hankalin mai rauni a wuya, FIM bai ba shi gurbi ba; riƙe fitsari da bahaya maki 14 kacal suka samu. Wannan giɓi ne Amiram Catz da abokan aikinsa na asibitin Loewenstein a Isra'ila suka nemi cikewa da ma'aunin SCIM a 1997. Siga ta uku, wadda aka gwada a ƙasashe da dama aka wallafa sakamakon a 2007, ta raba maki 100 ne: 20 ga kula da kai, 40 ga numfashi da sarrafa mafitsara da hanji, 40 ga zirga-zirga. Wanda ya koyi sa wa kansa robar fitsari a kan lokaci ya rage haɗarin ciwon ƙoda, kuma ma'aunin da ya ɗauki wannan da nauyi ya fi kusa da gaskiyar jinya.

Masu kare FIM na cewa da shi ake kwatanta mai raunin laka da mai shanyewar ɓarin jiki, a kuma ƙiyasta wahalar mai jinya. Haka ne, amma wannan buƙatar mai tsara kasafi ce. Mai ba da horo so yake ya ga canjin mako biyu ko uku. Sukar da ta fi ƙarfi ta shafi ma'aunan biyu: an gina su a kan gado mai tsayi da masai na zama. Majinyacin da aka sallama daga Asibitin Ƙashi na Dala ya koma gidan tabarma da masai na tsuguno, makinsa na ranar sallama zai iya zarce abin da yake iyawa a gida. Ko a nan SCIM ya ɗan tsere, domin siga ta uku ta ƙara auna tashi daga ƙasa zuwa keke.