Arewa Ɗaya, Gwamna Biyu: Tarihin Wata Kujera daga Dogon Dutsi zuwa Kangiwa

Ba'are mazaunin Tibiri da ɗan'uwansa mazaunin Kangiwa harshensu ɗaya, tsagarsu ɗaya, suna cin kasuwannin juna suna kuma auren juna. Kowannensu yana da wanda yake kira gwamna: na farko nasa yana zaune a Doso, na biyu nasa yana Birnin Kabi. Sai dai in aka bi diddigi, za a tarar sunan ne kawai ya haɗa kujerun biyu. Gwamnan Doso ma'aikaci ne da ake naɗawa daga Yamai, ana kuma iya ɗauke shi da takarda guda. Gwamnan Kabi kuwa jama'a ke zaɓensa, yana da majalisar dokoki, yana da baitulmali. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda ƙasar Arewa ta wayi gari a ƙarƙashin waɗannan kujeru biyu, da abin da kowace ta ba talaka, da abin da ta hana shi.

Mulki kafin zuwan Nasara

Kada mai karatu ya ɗauki Arewar da ake nufi a nan da ma'anar kusurwa. Ƙasa ce da ke kwance a kwarin Dallol Mauri, wadda tarihin baka ya ce ta samo sunanta daga Ari, ɗan Sarkin Barno, wanda ya auri ɗiyar Bauran Bagaji, aka haifi Akazama, Sarkin Arewa na farko. Marc-Henri Piault ya tattara yawancin waɗannan labarai a littafinsa na tarihin Mauri da ya fito a 1970.

Abin lura a cikin wannan tarihi shi ne yadda aka raba iko gida biyu. Gubawa, wato mutanen Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, su ne masu ƙasa, a hannunsu al'amarin ruwa da daji da shuka yake. Zuriyar Ari kuwa su ke riƙe da sarauta da doki da yaƙi. Sarki ba shi da ikon ya ce ƙasa tasa ce, tun da ya tarar da masu ita, kuma sarautarsa ba ta cika sai da amincewarsu. Ita kanta sarautar ba ta taru a gida ɗaya ba: akwai Matankari, akwai Tibiri ta Samna, akwai Takatsaba. A tsakiyar ƙarni na 19 Samna Ƙarfe na Tibiri ya haɗa kai da Kabawan Argungu da Zabarmawa suka yi tsayin daka ga Gwandu. Ke nan Arawa sun daɗe da sanin mulkin da ake yi da shawara da ƙawance, kuma ba su saba da wakilin da wani babban birni zai aiko musu ba.

Iyaka da kumandan

A yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka mai da tsakiyar Dallol Mauri iyaka, har zuwa inda ya haɗu da wata da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato. A watan Afrilu 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, inda Sarauniya Mangu da maharbanta suka tare ta. Yarjeniyoyin 1904 da 1906 suka sake jan iyakar zuwa kudu, domin Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Da haka Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri suka tabbata a hannun Faransa, Kangiwa da kewayenta suka zauna a hannun Ingila, ƙarƙashin masarautar Argungu.

A ɓangaren Faransa, gwamna mutum ɗaya ne a ƙasar baki ɗaya. Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, Jules Brévié ya zama gwamnanta na farko, aka kuma mai da hedikwata daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Talakan Arewa bai san wannan gwamna ba sai a labari. Wanda ya sani shi ne kumandan, wanda ya kafa barikinsa a Dogon Dutsi, har garin ya shafe Matankari a matsayin cibiyar ƙasar. Kumandan shi ke ƙidayar kawuna, shi ke karɓar lanho, shi ke ɗibar samari aikin tilas da aikin soja, shi ke ɗaure mutum ba tare da shari'a ba, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas da dokar da ta ba shi wannan dama. Sarakuna kuwa aka mai da su shugabannin kanto, masu isar da umarni. Masu ƙasa na Lugu da Bagaji ba su sami gurbi a wannan sabon tsari ba, duk da cewa jama'a ba su daina zuwa wurinsu ba.

Yadda kujerar gwamna ke iya juya makomar ƙasa ya fito fili a 1958. Ana gab da ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, Faransa ta aiko da Don Jean Colombani, ya yi amfani da kumandodi da sarakuna wajen karya jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary mai neman a ce a'a. Daga nan ƴan siyasar Nijar suka koyi cewa wanda ya riƙe wakilan hukuma a karkara ya riƙe akwatin zaɓe.

Daga parfe zuwa gwamna

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta gaji wannan gini ta sake masa suna. Dokar 1964 ta kasa ƙasar kashi bakwai, kowane kashi da parfe, Doso na ɗaya daga ciki, Dogon Dutsi kuma ta zama gunduma a ƙarƙashinta. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, sai hafsoshin soja suka hau waɗannan kujeru. Tandja Mamadou, wanda daga baya ya shugabanci ƙasa, ya riƙe Maraɗi da Tawa a wancan zamani.

Maganar sakar wa yankuna mara ta taso da ƙarfi bayan taron ƙasa na 1991. Ƴan tawayen arewacin ƙasar sun nemi tsarin tarayya, gwamnati ta ƙi, aka daidaita a yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 a kan cewa ƙasa za ta zauna dunƙulalliya amma za a ba yankuna majalisu zaɓaɓɓu. Gwajin farko ya zo a hannun ɗan Arewa, Janar Ibrahim Bare Mainasara. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairu 1999, ƴan adawa suka yi rinjaye a wurare da dama, kotun ƙoli ta soke sakamako mai yawa, ƙasa ta rikice. Ranar 9 ga Afrilu aka kashe shi a filin jirgin sama na Yamai, aka rufe shi a Dumega.

Sai a zamanin Tandja aikin ya tabbata. Dokokin 2002 suka mai da tsofaffin kashe-kashen jihohi, aka yi zaɓen kansiloli na ƙananan hukumomi 265 a Yuli 2004, wanda ke zaune a Doso kuma aka fara kiransa gwamna, sunan parfe ya sauko Dogon Dutsi. A Janairu 2011 aka zaɓi majalisun jihohi a karo na farko. A shekarar ce kuma aka ƙara gundumomi daga 36 zuwa 63, aka yanke Tibiri daga Dogon Dutsi, ta tafi da Geceme da Dumega da Kore Mairuwa, aka bar wa Dutsi Matankari da Ɗankasari da Kyece da Dogon Kirya da Sukukutan.

Duk da sabon suna, aikin gwamnan jiha a Nijar bai yi nisa da na parfe ba. Wakilin hukumar ƙasa ne, yana kula da tsaro, yana daidaita ayyukan ma'aikatun gwamnati, yana duba ko shawarwarin majalisar jiha sun bi doka. Ba ya kafa doka, ba ya aza haraji, ba shi da wa'adi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka naɗa hafsoshi a kan jihohi takwas, a watan Afrilu 2024 kuma aka rushe zaɓaɓɓun majalisu, aka damƙa ƙananan hukumomi ga wakilan da aka naɗa.

Ƙetaren iyaka

Arawan Kangiwa sun bi wata hanyar dabam. A jamhuriya ta farko gwamnan Jihar Arewa, Sir Kashim Ibrahim, uban ƙasa ne kawai, iko yana hannun Firimiya Sardauna. Gwamna mai cikakken iko soja suka ƙirƙiro shi, ranar 27 ga Mayu 1967 kuma Yakubu Gowon ya yanka Nijeriya jihohi 12 ya ba Usman Faruk Jihar Arewa maso Yamma. A 1976 aka kafa Jihar Sakkwato, a 1979 ta zaɓi gwamnanta na farko, Shehu Kangiwa, wanda sunan wannan gari na Arawa ke biye da nasa. Ya rasu a kan mulki bayan ya faɗo daga doki a wasan folo a Kaduna. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka fitar da Jihar Kabi, ƙaramar hukumar Arewa Dandi tana cikinta.

Tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna shekara huɗu, yana iya maimaitawa sau ɗaya, ba a kuma gurfanar da shi gaban kotu muddin yana kan kujera. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha amana a hannunsa, wato abin da Sarkin Arewa bai taɓa mallaka ba a gaban Baura. Yana naɗa sarki yana tuɓe shi, kamar yadda Adamu Aliero ya tuɓe Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo a 2005. Kuɗin ƙananan hukumomi ma ta hannun jihohi suke bi, har kotun ƙoli ta yanke hukunci a Yuli 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye. Talakan Kangiwa yana da ƙuri'ar da zai kori gwamna da ita, amma tsakanin zaɓe da zaɓe da wuya a sami mai taka masa burki, domin sau da yawa majalisar jiha ƴar amshin shata ce.

Kammalawa

Kowanne daga cikin tsarin biyu ya toshe wata ɓaraka ya bar wata a buɗe. Na Nijar ya hana gwamna zama sarkin da ya gagari kowa a jiharsa, amma ya sa idonsa yana kan Yamai, inda aka naɗa shi, fiye da kan manomin Sukukutan da gero ya ƙare masa tun kafin bazara. Na Nijeriya ya kawo dukiya da yanke shawara kusa da jama'a, amma ya tara su a hannun mutum guda. Hausawa sun ce kowa ya ba ka riga, ka duba ta wuyansa. Haka ma mai kujera, wanda ya ba shi ita yake wa biyayya.

Tsohuwar Arewa ta riga ta san wannan matsala, ta kuma yi mata maganin da ya dace da zamaninta: mai doki dabam, mai ƙasa dabam, kowa na bukatar ɗan'uwansa. Ba mai cewa a koma zamanin Akazama. Amma duk ranar da aka zauna sake fasalin jihohi, a Yamai ko a Abuja, ya kamata tambayar farko ta zama wadda Arawa suka daɗe da amsawa: idan mai kujera ya karkace, wa ke da ikon ce masa ya tsaya, kuma a wane gari wannan mutum yake zaune?