Masu Jiran Shari'a a Yawunde: Daga Zamanin Turawa zuwa Kurkukun Kondengi

Unguwar Briqueterie, wadda ta samo sunanta daga masana'antar bulo ta zamanin Jamusawa, ta daɗe da zama matattarar Hausawan Yawunde, babban birnin Kamaru, kuma kamar sauran unguwannin birnin, idan aka tsare ɗanta kafin shari'a, galibi babban kurkukun Kondengi ake kai shi. Mai jiran shari'a shi ne wanda ake tuhuma amma alƙali bai yanke masa hukunci ba, don haka a idon doka ba shi da laifi tukuna.

A zamanin Faransawa, gidan yari wurin horo ne da samar da 'yan aikin tilas, musamman a ƙarƙashin dokar da ta ba jami'an mulki ikon ɗaure talaka ba tare da kotu ba, wadda aka soke a 1946. Bayan samun 'yanci aka gina Kondengi a 1967, amma mutanen da ke ciki suka ninka adadin da aka tanadar masa sau da yawa, mafi yawansu kuwa masu jiran shari'a ne.

Dokar bin kadin laifuffuka ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta ƙayyade tsarewar wucin gadi a wata 6, tare da damar ƙara wata 12 a kan babban laifi, ko wata 6 a kan matsakaici. Sai dai jinkirin kotuna ya ci gaba, har ya kasance cikin koke-koken fursunonin da suka yi bore a Kondengi a Yulin 2019.

Gyaran hali, wato shirya ɗaurarre domin komawa cikin jama'a ta hanyar karatu da sana'a, an fi tsara shi saboda waɗanda aka yanke wa hukunci, shi ya sa nauyin mai jira yake faɗawa kan danginsa, waɗanda ke bin layi a ƙofar kurkuku da kwanon abinci da sabulu, suna fafutukar neman lauya da wanda zai tsaya masa beli. Tela ko mai tsire da ya share shekara a tsare yakan fito ya tarar jarinsa ya karye, ko da kotu ta wanke shi, kuma wannan asara ce da ta wajaba hukuma da al'umma su taru su magance.