Shiga sashen injiniya na Jami'ar Azhar: abin da ɗalibi zai sani

Jami'ar Azhar ta birnin Alƙahira, a ƙasar Masar, ta samo asali ne daga masallacin da aka buɗe a shekarar 972. A nan Nijar an fi saninta da Larabci da shari'a, amma tun daga dokar gyara ta 1961 take koyar da likitanci, aikin gona da injiniya.

Musulmi kaɗai take ɗauka, kuma maza da mata karatunsu daban. Babban shingen shi ne takardar shaida. Jami'ar tana neman shahadar sakandaren Azhar, ko wadda ta amince cewa daidai take da ita, abin da ake kira mu'adala. Wanda takardarsa ba ta samu wannan amincewa ba, ana yi masa jarrabawar gwaji, kuma ana iya mayar da shi aji na sakandare ko na koyon Larabci. Shekarun da hakan ke ci su ne iyaye da yawa ba sa sakawa cikin lissafi.

Sakandaren Azhar reshe biyu ce, adabi da kimiyya. Ƙofar injiniya ta ƴan kimiyya ce, kuma maki mai yawa take nema. Ɗalibin franko-arab da ya yi bak na adabi, komai ƙarfin Larabcinsa, hanyarsa ta nufi tsangayar harshe ko ta shari'a.

Wanda ya shiga injiniya ba ya rabuwa da Larabci, domin akwai darussan Alƙur'ani da fiƙihu tare da lissafi. Sai dai littattafan fasaha da yawa da Ingilishi suke, wanda ga mai karatun Faransanci wani nauyi ne na uku.