Yadda muka yi ta neman sunan laifin

Lokacin da na fara aikin kare haƙƙin ɗan Adam a Damagaram, babu ayar da ta kira bauta da sunanta a kundin hukunta laifuka na Nijar. Nasara sun soke ta a takarda tun 1905, aikin dolen da su kansu suka ɗora wa kakanninmu kuma ya faɗi a 1946. Amma soke abu daban, hukunta mai yinsa daban.

Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ita ta yi ta buga ƙofa har aka samu dokar 13 ga Yunin 2003: ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga wanda ya bautar da mutum. Murnarmu ba ta yi nisa ba. A Maris na 2005 bikin ƴanta bayi a Inates ya watse, daga baya shugaban ƙungiyar Ilguilas Weila ya tsinci kansa a gidan kaso.

Wadda ta hura wa dokar rai mace ce, Hadijatou Mani. Tana da shekara 12 aka sayar da ita jika 240 ta zama wahaya, wato mace ta biyar da ba ta da sadaki, ba ta da ranar girki, sai aiki da shimfiɗa. Da ta samu takardar ƴanci ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata wata shida wai ta yi aure kan aure. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta ce Nijar ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta diyyar CFA miliyan 10. Ba kuɗin ne suka girgiza mu ba. Alƙalanmu ne aka gaya wa a fili cewa al'ada ba ta rinjayar doka.

Sai dai a gabas ciwon namu wani iri ne. Dokar Disambar 2010 kan fataucin mutane, wadda ta haifi hukumar ANLTP, ta zo da kalmomin da ba wanda ke faɗa a ƙauye. A can ana cewa cirani, ana cewa riƙo, ana cewa an tafi biɗa.

Na taɓa zama a Alakos, cikin ƙasar Gure, da rani tsaka, ina bayyana dokar a gindin bishiya. Rumbuna wayam, samari duk sun tafi. Wata tsohuwa ta bari na gama, sannan ta ce, "Ɗana, wadda ta ɗauki jikata ta kai ta inda za ta ci ta ƙoshi, ita kake so a ɗaure?" Na ce, "Inna, kuɗin da yarinyar ke samu, hannun wa suke shiga? In ta ce za ta dawo, za a bar ta?" Ta yi shiru tana murza bakin zanenta. Tun ranar na daina soma magana da ayar doka, da waɗannan tambayoyi biyu nake farawa.

A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada bayan Arlit, kan hanyar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, yawancinsu kuma ƴan wajen Kance. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Na ɗauka daga nan hankali zai koma kan masu hayar yara don bara. Sai dokar Mayun 2015 kan safarar baƙin haure ta janye kuɗi da idon duniya zuwa Agadas, inda damuwar Turai take. A ganina a nan muka yi asarar shekaru, domin an cakuɗa direban da ya ɗauki fasinja da mai cin gumin yaro. Sai a 2019 aka buɗe gidan farko na karɓar waɗanda aka ceto, a Damagaram.

A Nuwambar 2023 aka soke dokar ta 2015. Ta 2003 da ta 2010 suna nan daram, amma a tasha da kasuwa na sha jin ana cewa an sake komai. Shi ya sa muka sake ɗaukar hanya, muna bin masu gari ɗaya bayan ɗaya muna gaya musu wadda aka soke da waɗanda suka rage.